Amon akwatin jita da amon duwatsun Birnin Kudu

Ɗan ƙanwata yana da ɗan situdiyo a Birnin Kudu, ɗaki ɗaya da ya manna wa soso a bango, da kwamfutar cinya, da fiyano, da wata tsohuwar jita mai lantarki da ya samo a Sabon Gari a Kano. Amfilifayar jita kam ba shi da ita, balle akwatin lasifikarta. Manhaja ce a cikin kwamfuta take tsaya masa a madadinsu. Wata rana bayan la'asar na leƙa wurinsa, sai ya juyo min da fuskar kwamfutar ya ce, "Kawu, kai da ka koyar da fiziks, raba min gardamar nan." Wani abokinsa ya turo masa tarin ƙananan fayiloli, dukkansu da sunan akwatin lasifika guda, amma wani an rubuta masa 44.1, wani 48, wani 96, sannan kowanne akwai gajere akwai dogo. Abokin ya rantse masa cewa mai babbar lamba kuma dogo shi ne na ƙwarai. Shi kuwa ya saurara har kunnensa ya gaji bai ji bambancin da ake faɗa ba.

Ba shi kaɗai ne wannan gardama ta dama ba. Makaɗan jita da injiniyoyin sauti a Amurka da Turai sun fi shekara goma suna yin ta, kuma tana da tushe. Sai dai kafin a shiga cikinta ya kamata a san mene ne ake kwaikwaya.

Jita mai lantarki da kanta ba ta da wata murya. Tsirkiyarta tana kaɗawa a kan maganaɗisu, a samu ɗan siririn lantarki, amfilifaya ta ƙarfafa shi, wani lokaci ta ƙona shi da gangan har ya yi gurnani. Wannan gurnanin idan aka saurare shi kai tsaye ba ya jiyuwa, ƙara ce mai yankan kunne kamar ana goga ƙarfe a kan kwano. Akwatin lasifika ne yake gyara shi. Lasifikar jita, irin mai faɗin inci 12 da kamfanin Celestion na Ingila ya shahara da ita, tana fara kasawa da zarar amo ya wuce kaɗawa wajen 5,000 a sakan, kuma wannan kasawar ita ce amfaninta, domin ita ke zubar da ƙaiƙayin. Katakon akwatin, da girmansa, da ko bayansa a buɗe yake ko a rufe, kowanne yana ƙara nasa. Sannan ga makirufo. Shure SM57, wanda aka fara fitarwa a 1965, shi ne aka fi kafawa a gaban akwatin jita, kuma in ka matsar da shi da faɗin yatsa biyu daga tsakiyar lasifikar zuwa gefenta sautin ya sauya sarai. Duk wanda ya daɗe a harkar zai gaya maka cewa kaso mai yawa na abin da ake kira muryar wata amfilifaya, a gaskiya muryar akwatinta ce da makirufon da aka ɗauke ta da shi.

To yaya za a sa akwatin katako mai lasifika huɗu, irin wanda Jim Marshall ya fara ƙerawa a Landan a shekarun 1960, cikin fayil ɗin da bai kai nauyin hoto ɗaya ba? A nan ne na ce wa yaron ya tuna da abin da yake yi yana ƙarami in sun hau duwatsun bayan gari. Ka tafa hannu sau ɗaya tsakanin manyan duwatsu biyu, tafin gajere ne, amma abin da ya dawo maka ya fi shi tsawo, kuma yana ɗauke da bayanin wurin: nisan dutsen, faɗin kogon, abin da ya haɗiye da abin da ya maido. Ka je wani wurin ka yi tafi iri ɗaya, amsar ta bambanta. Wannan amsar bugu guda ita masana ke taƙaitawa da haruffa biyu, IR, ni kuma na fi son in kira ta sawun amo, domin kamar sawun ƙafa ne a kan yashi: mai shi ya wuce, amma mai bin sawu zai gane shi. Hausa ma ta riga ta haɗa abubuwan biyu a kalma ɗaya, tunda amsa-kuwwa muke ce wa abin da dutse ke maidowa, amsa-kuwwa kuma muke ce wa lasifikar da ke kan masallaci.

Lissafin da ke bayan abin yana da kyau ƙwarai. Kowane sauti, komai tsawonsa, ana iya ɗaukarsa a matsayin dubban ƙananan tafi a jere, wani mai ƙarfi wani mai rauni. In ka san yadda akwati ke amsa tafi ɗaya, sai ka ɗora wannan amsar a kan kowane ɗaya daga cikinsu, ka tara, abin da zai fito shi ne abin da akwatin zai fitar da an sa masa sautin. A aikace ba tafi ake yi wa akwatin ba. Ana sa masa wani fito ne da ke tashi daga mafi kauri zuwa mafi siriri cikin 'yan daƙiƙu, a ɗauka da makirufo, kwamfuta ta cire fiton ta bar sawun. Farfesa Angelo Farina na Jami'ar Parma a Italiya ne ya bayyana wannan hanya a shekarar 2000, kuma ita ce aka fi bi har yau.

Yanzu ga lambobin da suka rikita yaron. Iri biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Na farko, wato 44.1 da 48 da 96, yana nufin sau dubu nawa ake gutsuro sautin a cikin sakan ɗaya. Ƙa'idar ita ce, ana iya riƙe amon da kaɗawarsa ta kai rabin wannan adadi. Mai 48,000 zai riƙe har 24,000, alhali kunnen ɗan Adam mai cikakkiyar lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa, lasifikar jita kuwa tun a 5,000 ko 6,000 ta sallama. Saboda haka 96,000 ba ya ƙara wa akwatin jita komai. Abin da kawai ake buƙata shi ne lambar fayil ɗin ta dace da wadda na'urarka ko aikinka ke tafiya a kai. Wannan ɓangaren ba abin jayayya ba ne.

Na biyun, wato tsawon sawun, shi ne inda maganar take. Na'urorin da makaɗa ke takawa da ƙafa a dandali ƙarfin lissafinsu ƙayyadadde ne, don haka suna yanke sawun. Helix na kamfanin Line 6, wanda ya fito a 2015, yana karɓar gutsure 1,024 ko 2,048. A kan 48,000 a sakan, na farkon ya kama milisakan 21 ke nan, na biyun kusan 43. Dalilin rowar a fili yake: in za a yi lissafin kai tsaye, sawu mai gutsure 2,048 yana cin ninkawa fiye da miliyan 98 a kowane sakan, kuma dole a gama shi nan take, domin makaɗi ba zai jure ya taɓa tsirkiya sai daga baya ya ji ta ba. Kamfanin Fractal Audio na Amurka, mai na'urar Axe-Fx, shi ne ya tayar da ƙurar sa'ad da ya fito da tsarin da ya kira UltraRes, wanda ke kai tsawon sawun zuwa wajen milisakan 170, wato gutsure dubu takwas da 'yan kai.

Hujjar masu son tsawo ba ta banza ba ce, kuma ga yadda na bayyana wa yaron. Tsawon sawu shi ke yanke iyakar yadda zai iya rarrabe muryoyi biyu da ke kusa da juna. Ka raba 48,000 da 1,024, za ka samu kusan 47. Ma'ana, duk wani tudu ko kwari a cikin muryar akwatin da faɗinsa bai kai kaɗawa 47 ba, wannan sawun zai shafe shi ya mai da shi sumul. A can sama, tsakanin 4,000 da 4,047, kunne bai damu ba. Amma a ƙasa fa? Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a sakan, mai bi mata sau 110. Tazarar da ke tsakaninsu 28 ce kacal, ba ta ma kai ma'aunin ba. Kamar a ba ka tiya a ce ka auna gishirin miya. Kuma a daidai wannan yankin ne lasifika da katakonta suke da nasu kumburin, wanda ke ba da dukan nan da makaɗi ke ji a ƙirji. Da gutsure 2,048 ma'aunin ya sauko 23, da 8,192 kuwa ya sauko ƙasa da 6. Amo siriri yana mutuwa da wuri, mai kauri ne ke jan jiki, saboda haka wutsiyar sawun kusan duk ta mai kaurin ce. A nan ne kuma za a ga ɓarnar da 96,000 ke iya yi: in adadin gutsuren a ƙayyade yake a 1,024, ninka saurin gutsurowa yana rage tsawon zuwa milisakan 11, a yi asarar abin da ake nema.

Wasu injiniyoyin lasifika kuma sun ce a tsaya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. A cikin milisakan 21 ya yi mita bakwai, a cikin 170 ya yi kusan mita 58. In bangon ɗakin da aka yi ɗaukar yana nisan mita uku, amonsa zai je ya dawo cikin milisakan 17 ko 18. Ke nan abin da dogon sawu ke ƙarawa, a cewarsu, yawancinsa ba akwatin ba ne, ɗakin ne: bangonsa, daɓensa, rufinsa. Lasifika mai kyau ta gama faɗin abin da za ta faɗa tun da wuri. Suka ce in ana son akwatin tsantsa, a ɗauke shi a fili mai faɗi inda bango ke nesa, a yanke kafin amsa-kuwwar farko ta iso.

A ganina duka ɓangarorin suna da gaskiya, abin da kowanne ke nema ne ya bambanta. Mai son ya ji kamar akwatin yana gabansa a cikin ɗakin da yake zaune, gajeren sawu mai tsabta ya ishe shi, ɗakinsa zai ƙara sauran. Mai son sautin da ya saba ji a faifai kuwa, to faifan nan a cikin ɗaki aka ɗauke su, kuma ɗakin yana cikin abin da kunnensa ya ƙaunata ko bai sani ba. Shi kam dogon sawu ne zai fi gamsar da shi. Bambancin yana nan, amma ƙarami ne, ya fi fitowa in jita tana kiɗa ita kaɗai kuma an sa abin ji a kunne. Da zarar ganga da fiyano da murya sun shigo, sai mai kunnen gaske. Sauya makirufo ko matsar da shi ya fi ninka tsawon sawu tasiri nesa ba kusa ba. Shawarar da na ba ɗan ƙanwata ita ce ya riƙe mai milisakan 200 a kan 48,000, tunda kwamfuta ba ta da ƙuncin da na'urar ƙafa ke da shi, ya goge sauran, ya mai da hankalinsa ga zaɓen akwatin da ya dace da waƙar. Fayil ɗin bai kai kilobayit 30 ba.

Akwai kuma wata gaskiya da ta shafe mu musamman. A ina ake jin waƙar da aka haɗa a Birnin Kudu? A lasifikar waya, a ɗan akwatin bulutut na mai shayi, a amsa-kuwwar da aka ɗaura a kan mota ranar kasuwar Sara. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaɗawa 82 ko kaɗan. Duk wannan yankin da ake ta gardama a kansa ba ya isa kunnen yawancin masu sauraronmu. Ba ina cewa a yi aikin ganin dama ba, domin waƙa mai kyau tana yin tafiyar da mai ita bai zata ba. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da duniya ta sani yanzu da jitarsa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yaɗu a Sahara kafin su kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Amma kyan waƙar ne ya kai ta, ba tsawon wani fayil ba.

Dole kuma a faɗi abin da sawun amo ba zai iya ba, don kada a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Yana aiki ne kawai a kan abin da amsarsa ba ta sauyawa, ko an buga da ƙarfi ko a hankali, ko yanzu ko anjima. Gurnanin amfilifaya ba haka yake ba, shi ya sa ake kwaikwayonsa ta wasu hanyoyi dabam, tun daga POD na Line 6 a 1998, zuwa Kemper na Jamus a 2011, zuwa manhajar kyauta ta Neural Amp Modeler da ke koyon halin amfilifaya ta hanyar sauraronta. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne kalangu. Makaɗi yana matse shi a hammata yana sassautawa, muryarsa tana hawa tana sauka tana bin karin magana. Ba shi da amsa guda da za a ɗauka a ajiye. Haka zizar ƙarfen nan mai ƙananan zobba da ake soka wa wasu kayan kiɗa a kan sanda: tana tashi ne in bugun ya kai wani ƙarfi, don haka ba ta shiga wannan lissafin.

Abin da ya fi tsaya min a rai bayan na baro situdiyon ba lambobin ba ne, sunayen ne. Na bi jerin da ke cikin kwamfutar yaron daga sama har ƙasa: Marshall, Fender, Vox, Mesa, akwatunan Ingila da Amurka, kowanne an ɗauke shi da makirufo iri-iri a wurare iri-iri. Mutanen can sun ɗauki abin da suke ƙauna sun auna shi har ƙwayar ƙarshe, kuma sun kyauta. Babu gurmi a jerin, babu garaya, babu kuntigi. Alhali jikin waɗannan kayan shi ma akwati ne. Ƙoƙon gurmin da Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi, da gwangwanin kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya rufe da fata ya kaɗa har rasuwarsa a 2015, abin da suke yi wa tsirkiya shi ne abin da katako ke yi wa lasifika. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa jakin da tsirkiyar ke hawa a kai, a ɗauki amsar da makirufo, a samu sawun ƙoƙon. Masu jitar katako a Turai da Amurka suna yin irin wannan da nasu kayan. Ba zai mai da jita ta zama gurmi ba, domin hannun makaɗi ba ya shiga fayil, amma zai ba ta wata murya da mai sauraro a Gwaram zai ji ya san ta daga wani wuri.

Sai kuma wuraren kansu, inda tsawon sawu ya daina zama abin gardama ya zama dole, domin kogo da soro suna riƙe amo fiye da kowane akwati, kuma sawunsu da sakan ake auna shi, ba da milisakan ba. Birnin Kudu tana da abin da garuruwa kaɗan ke da shi. A nan ne, a 1955, Bernard Fagg na sashen kayan tarihi, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya ga duwatsun da in an buga su suke amsawa kamar ƙararrawa, ya rubuta labarinsu a 1956, kuma daga wannan rubutun ne masana suka shiga neman irinsu a wasu ƙasashe. Mutanen gari dai sun san su tun kaka da kakanni, ramukan da bugu ya bari a jikinsu su ne shaida. Kusa da su akwai zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. An ɗauki zanen nan hoto ba adadi. Amma wanda ya zana saniyar yana jin wani amo sa'ad da yake tsaye a ƙarƙashin dutsen, kuma bugun dutse da tsakuwa sau ɗaya, da jiran amon ya mutu, shi ne ainihin ma'anar abin da muke magana a kai tun ɗazu.

Wasu al'ummomin sun gane darajar wannan aiki ne bayan masifa. Gidan wasan La Fenice na birnin Benis a Italiya ya ƙone a watan Janairun 1996, kuma aka yi dace masana sun auna amonsa 'yan watanni kafin gobarar. Majami'ar Notre-Dame ta Faris ta ƙone a Afrilun 2019, ita ma an auna ta a 2015, don haka aka samu abin gwada gyaran da shi. A Aya Sofiya ta Istanbul, masu bincike daga Jami'ar Stanford balan-balan kawai suka fasa suka ɗauki amsar ginin. Mu namu ba sai gobara ba. Zauren ƙasa mai bakan gizo ana rushe shi a yi na bulo da kwano, kuma duk wanda ya taɓa yin sallama a cikin tsohon zaure ya san muryarsa ba ta fita haka a cikin sabon. Dutse kuwa ana fasa shi a yi tsakuwar gini, in ya tafi ya tafi da amonsa.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin ƙaramin situdiyo ba: makirufo ɗaya mai kyau, na'urar shigar da sauti cikin kwamfuta, lasifika mai batir, da manhajar Room EQ Wizard wadda kyauta ake sauke ta. Inda babu lasifika, balan-balan ta wadatar. Abin da ya fi wuya shi ne shiru, don haka sai a fita bayan asuba kafin babura da injin niƙa su tashi, kuma a guji ranar da ake iska. A ɗauka a kan 48,000, a bar wutsiyar ta mutu da kanta kada a yanke, a rubuta sunan wurin da rana da inda aka kafa makirufo. Duwatsun zanen suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke da ma'aikata a Birnin Kudu, saboda haka a nemi izininsu da na masu unguwa kafin a je, kuma kada a taɓa fuskar dutsen da ke da zane, balle a buge ta.

Ina kira ga matasan da ke da situdiyo a Birnin Kudu da Gwaram da Sara da Basirka da Fagam, da malaman fiziks na makarantun yankin: ku haɗu ku fara da wuri ɗaya a wannan rani, ko kogo ko zaure ko ƙoƙon gurmin wani dattijo da ya yarda. Ku sa wa kowane fayil sunan garin da aka ɗauke shi, ku ba gidan tarihi kwafi, sannan ku raba wa 'yan'uwanku makaɗa kyauta.